Ƙananan Kalmomin Faransanci Masu Nuna Wuri: Inda Bahaushe Yakan Yi Tuntuɓe

Duk inda mutum ya nufa ta ƙasa daga Nijeriya, da zarar ya ƙetare iyaka zai faɗa ƙasar da ake gudanar da aikin hukuma da Faransanci. A arewa akwai Jamhuriyar Nijar, wadda iyakarta da Nijeriya ta kai kimanin kilomita 1,500. A arewa maso gabas akwai Cadi, a gabas Kamaru, a yamma kuwa Jamhuriyar Benin. Tun shekarar 1964 aka kafa Hukumar Tafkin Cadi mai hedkwata a Injamena, a 1971 kuma aka kafa Hukumar Haɗin Gwiwa ta Nijeriya da Nijar mai ofishinta a Yamai. Takardun da ke kai da komowa tsakanin waɗannan ofisoshi da ma'aikatun Nijeriya, da yawansu cikin Faransanci suke zuwa.

Wannan ne ya sa Gwamnatin Tarayya ta buɗe cibiyar koyon Faransanci a Badagiri a 1991, kuma a 1996 gwamnatin Janar Sani Abaca ta ba da sanarwar ɗaukarsa harshen hukuma na biyu. Ko da yake a 2025 hukumomin Nijar sun ɗaukaka Hausa ta zama harshen ƙasa, sun bar Faransanci a matsayin harshen aiki, saboda haka takardar haihuwa da ta kwastan da wasiƙun ofis ba su rabu da shi ba.

Abin da ya fi wahalar da ɗalibi ko ma'aikacin da ya fara koyon wannan harshe shi ne waɗansu 'yan ƙananan kalmomi masu harafi ɗaya zuwa huɗu, waɗanda ake sa wa gaban suna don a nuna inda abu yake, ko inda ya nufa, ko inda ya fito. Faransawa suna kiran kowace ɗaya "préposition". Wanda ya yi karatun nahawun Larabci ya san irinsu da sunan haruffan jarri, watau su "fi" da "ala" da "min" da "ila". Bahaushe ma yana da nasa: a, cikin, kan, daga, zuwa, wurin. Wanda ya gane inda na Hausa suka dace da na Faransanci, da inda suka raba hanya, ya ci rabin aikin.

Kama da Wane Ba Ta Wane

Kalmar farko da ɗalibi ke gamuwa da ita ita ce "à". Furucinta daidai yake da "a" ta Hausa, kuma sau da yawa aikinsu ɗaya: a Kano, "à Kano"; a Maraɗi, "à Maradi". Wannan dacewa ce kawai, domin ta Faransanci daga kalmar Latin "ad" ta samo asali. To, a nan ne tarkon yake, gama kama da wane ba ta wane.

Da farko, Bahaushe yakan yar da tasa "a" in ya ga dama. Yana cewa "yana Kano", ko "ya tafi Kano", ba tare da ya sa kome a tsakani ba. Bafaranshe ba shi da wannan dama. Tilas ya ce "il est à Kano", da "il va à Kano". Ɗalibin da ya rubuta "il va Kano" ya yi tunani ne da Hausa, kuma mai duba takardar jarrabawa ba zai ƙyale shi ba.

Na biyu, Hausa ta bambanta zama da tafiya: "a" don zama, "zuwa" don tafiya. Faransanci kuwa ya haɗa su duka a kan kalma ɗaya, aikatau ne kaɗai ke nuna ko mutum yana zaune ne a wurin ko kuwa can ya nufa.

Na uku, 'yar alamar da ke bisa harafin ba ado ba ce. In an cire ta, "a" ta koma aikatau mai nufin "yana da". "Il a" na nufin yana da abu, "à" kuwa tana nuna wuri. Haka kuma "où" mai alama tana nufin "ina", amma "ou" marar alama tana nufin "ko". Mai buga wasiƙar ofis da na'urar da ba a shirya ta don Faransanci ba, lalle ne ya kula da wannan.

Sa'an nan kuma "à" ba ta zama gaban "le" ko "les" sai ta narke cikinsu. "À" da "le" sukan zama "au", "à" da "les" sukan zama "aux", duka biyu kuwa ana furta su kamar "o". Saboda haka a kasuwa shi ne "au marché", a ofis "au bureau", amma a masallaci "à la mosquée", a banki "à la banque", domin waɗannan sunaye mata ne. In suna ya fara da wasali, ko da "h" wadda ba a furtawa, sai a ce "à l'école", a makaranta, da "à l'hôpital", a asibiti.

Gari Daban, Ƙasa Daban

Babbar matsala tana wajen sunayen ƙasashe. A Hausa "a" ɗaya ta wadatar: a Yamai, a Nijar, a Faransa, a Amurka. A Faransanci waɗannan huɗun kowanne da kalmarsa: "à Niamey", "au Niger", "en France", "aux États-Unis".

Ƙa'idar ba ta da tsawo. Gari yana ɗaukar "à". Ƙasar da sunanta mace ne tana ɗaukar "en". Wadda sunanta namiji ne tana ɗaukar "au". Wadda sunanta jam'i ne tana ɗaukar "aux". Abin da ya rage shi ne sanin wace ce mace, wane ne namiji.

A nan Hausa takan ruɗi mai ita. Ga Bahaushe duk wani gari da duk wata ƙasa mace ce: Kano ta cika, Nijar ta yi zaɓe, Cadi ta aiko da jakada. A Faransanci kuwa Nijeriya kanta namiji ce, "le Nigeria", haka ma maƙwabtanta huɗu baki ɗaya: "le Niger", "le Tchad", "le Cameroun", "le Bénin". Haka Gana da Togo da Mali da Senegal da Sudan. Ashe ke nan ma'aikacin da ke hulɗa da ƙasashen kusa "au" zai fi bukata: "au Nigeria", "au Tchad", "au Ghana", "au Soudan".

Alamar da aka fi dogara da ita wajen gane mace ita ce harafin "e" a ƙarshen suna: "la France", "la Guinée", "la Libye", "la Chine", "la Côte d'Ivoire", "l'Algérie", "l'Égypte". Duk waɗannan "en" suke ɗauka, haka ma nahiyoyi: "en Afrique", "en Europe", "en Asie". Akwai 'yan kaɗan da suka kauce wa wannan alama, suna ƙarewa da "e" amma maza ne, kamar "le Mexique", "le Mozambique", "le Zimbabwe" da "le Cambodge". Su sai a ce "au Mozambique", "au Mexique".

Akwai kuma wata togaciya da daɗin furuci ya haifar. Ƙasar da sunanta namiji ne amma ya fara da wasali, "en" take ɗauka, don kada wasula biyu su yi karo: "en Iran", "en Irak", "en Angola", "en Ouganda". Masu jam'i kuwa su ne irin "aux États-Unis", "aux Pays-Bas", watau a Holan, da "aux Émirats arabes unis", watau a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Waɗansu tsibirai ana ɗaukarsu tamkar garuruwa, sai a ce "à Madagascar", "à Cuba".

Masana tarihin harshen sun bayyana dalilin wannan rabo. A tsohon Faransanci "en" ce ake sa wa ƙasa, mace ko namiji. In ta haɗu da "le" sai ta narke ta zama wata kalma mai furuci kusa da "au", da tafiya ta yi tafiya sai biyun suka gauraye. Watau "au" ta cikin "au Niger" jikanyar "en le" ce. Wannan ne kuma ya sa ake cewa "en été" da "en hiver" amma "au printemps" wajen ambaton lokutan shekara.

Ko a cikin garuruwa akwai masu tafe da "le" ko "la" a jikin sunansu. Alƙahira ita ce "Le Caire", saboda haka a Alƙahira sai a ce "au Caire". Makka ita ce "La Mecque", sai a ce "à La Mecque". Madina da Jidda ba su da wannan, "à Médine" da "à Djeddah" ake cewa. Alhajin da zai ba da labarin tafiyarsa zai ce ya je "en Arabie saoudite", ya sauka "à Djeddah", ya wuce "à La Mecque".

Jiha da lardi kuwa hanyar da ta fi sauƙi ita ce a yi amfani da "dans": "dans l'État de Katsina", a Jihar Katsina, "dans la région de Zinder", a yankin Damagaram.

Daga Ina, Ta Ina

"Daga" ita ce "de", kuma ita ma tana bin rabon da aka ambata. Daga Kano, "de Kano". Daga Agadas, "d'Agadez". Daga Nijar, "du Niger", domin "de" da "le" sun narke sun zama "du". Daga Amurka, "des États-Unis". Ƙasa mace kuwa ana yar da "la" ɗinta, a ce "de France", "de Côte d'Ivoire", "d'Algérie".

"Ta" ita ce "par", "har" ita ce "jusqu'à", "wajen" mai nuna shiyya kuwa "vers". Hanyar jirgin ƙasan da aka aza harsashinta a 2021, mai tsawon kimanin kilomita 284, a Faransanci za a ce ta tashi "de Kano à Maradi par Katsina et Jibiya". Kalmomi uku ke nan suka zana hanyar baki ɗaya: mafari, makoma da mabiya.

Ciki da Kai da Baki da Gindi

Hausa ta ɗauko yawancin kalmominta na wuri daga jikin ɗan Adam: cikin ɗaki daga ciki, kan tebur daga kai, bayan gari daga baya, gaban sarki daga gaba. Kowace tana da takwara a Faransanci. Cikin, "dans". Kan, "sur". Ƙarƙashin, "sous". Gaban, "devant". Bayan, "derrière". Tsakanin abu biyu, "entre", amma cikin taron abubuwa masu yawa, "parmi".

Waɗansu ma ginin nasu ya yi kama da na Hausa ƙwarai. Kusa da, "près de". Nesa da, "loin de". Inda Bahaushe ya sa "da", nan Bafaranshe ya sa "de". Gefen, "à côté de". Daura da, "en face de". Tsakiyar, "au milieu de". Kewayen, "autour de". Sai dai kada a manta "de" ɗin tana narkewa: kusa da kasuwa "près du marché" ne, daura da ofishin gidan waya kuwa "en face de la poste".

Har gaɓoɓin jiki ma Faransanci yakan ara, sai dai ba kullum yake zaɓen gaɓar da Hausa ta zaɓa ba. Bahaushe ya ce gindin itace, Bafaranshe ya ce "au pied de l'arbre", watau a ƙafar itace. Bahaushe ya ce bakin kogi, shi kuwa ya ce "au bord du fleuve", a gefen kogi. Wanda ya fassara bakin kogi kalma da kalma zai kusanci "embouchure", wadda take nufin inda kogi ya faɗa teku.

"Bayan" ta Hausa tana aiki biyu, wuri da lokaci: bayan makaranta na iya zama filin da ke bayan ginin, ko kuwa lokacin da aka tashi. Faransanci ya raba su: "derrière l'école" wuri ne, "après l'école" lokaci ne. Haka "devant" ta wuri ce, "avant" kuwa ita ce "kafin".

Tsakanin "à" da "dans" da "en" ma akwai bambancin da ya kamata a lura da shi. "À l'école" na nufin yaro yana makaranta, ko yana aji ko yana filin wasa. "Dans l'école" na nufin cikin ginin kansa. "En" kuwa takan zo ba tare da "le" ko "la" ba, tana nuna halin da mutum yake ciki: "en ville", ya shiga gari, "en classe", yana aji, "en prison", yana ɗaure. Mai gyaran famfo da aka kira gidan yari yana "dans la prison", amma in aka rubuta yana "en prison" an mai da shi fursuna.

Akwai kuma waɗanda al'ada ce kaɗai ta tsayar da su, sai dai a haddace. Cikin jarida, "dans le journal". A rediyo, "à la radio". A intanet, "sur Internet". A titin cikin gari, "dans la rue", amma a kan babbar hanya, "sur la route". Cikin rana, "au soleil". A inuwa, "à l'ombre". Bahaushe yakan ce ya yi tafiya cikin ruwa yana nufin ruwan sama, Bafaranshe kuwa ƙarƙashinsa yake tafiya, "sous la pluie". In aka ce "dans l'eau", to, mutum ya tsunduma ne. Abin hawan da ake shiga cikinsa "en" yake ɗauka, "en voiture", "en avion", wanda ake ɗarewa bisa kuwa "à cheval", "à vélo", sai tafiyar ƙasa "à pied".

Wurin Mutum

Akwai kalma ɗaya da mai Hausa ya fi mai Ingilishi saurin fahimta, ita ce "chez", ana furta ta kamar "she". Asalinta kalmar Latin ce "casa", watau gida. Aikinta shi ne na "gidan" ko "wurin" ko "wajen" in mutum ake nufi. "Chez moi", gidana. "Chez le médecin", wurin likita. "Chez le tailleur", wurin tela. "Chez les Haoussa", a wajen Hausawa, watau a al'adarsu.

Ƙa'idarta ɗaya ce: "chez" ta mutum ce, "à" ta wuri. Ana zuwa "à la pharmacie", kantin magani, amma "chez le pharmacien", wurin mai kantin. Kamar dai yadda Bahaushe ke cewa ya tafi asibiti, amma ba ya cewa ya tafi likita, sai ya ce wurin likita.

Inda Kuskure Ke da Tsada

A cikin hira ana yafe wa baƙo kuskure. A takarda kuwa abin ya bambanta. "Le Niger" sunan ƙasa ne, kuma sunan kogin Kwara ne. Kayan da aka ce suna "au Niger" suna ƙasar Nijar. In suna "sur le Niger" suna cikin jirgin ruwa a bisa kogin. In kuwa suna "dans le Niger", sun nutse. Haka "au Tchad" da "sur le lac Tchad" ba wuri ɗaya ba ne, musamman ga mai rubuta rahoto a kan tafkin da ƙasashe huɗu suke iyaka da shi.

Haka nan shiyyoyi. "Dans le nord du Nigeria" na nufin a arewacin Nijeriya, cikin ƙasar, kamar Katsina ko Sakkwato. "Au nord du Nigeria" kuwa, ga mai rubutu da kula, na nufin arewa da Nijeriya, watau an ƙetare iyaka, kamar Birnin Ƙonni ko Maraɗi. Hausa ma ta yi wannan bambanci tsakanin "arewacin" da "arewa da". A rahoton da ya shafi rijiya ko burtali ko kasuwar kan iyaka, wannan ɗan bambanci shi ke nuna ƙasar da abin yake ciki.

Mai cika fom zai gamu da "ci-dessus" da "ci-dessous". Ta farko na nufin a sama, abin da aka riga aka ambata. Ta biyu na nufin a ƙasa, abin da ke tafe. Harafi ɗaya ne ya raba su. Haka "au-dessus de", bisa da, da "au-dessous de", ƙasa da. A furuci ma wuyar ta fi yawa, domin Hausa ba ta da wasalin "u" na Faransanci. Ana samunsa ne in mutum ya tsuke leɓɓansa kamar zai ce "u", sa'an nan ya ce "i". Wasalin "ou" kuwa shi ne "u" na Hausa sak. Wanda bai raba su ba zai iya sa hannu inda ba a ce ya sa ba.

A ƙarshen takardar hukuma akan ga "Fait à Niamey, le", sai kwanan wata, watau an yi ta a Yamai ranar kaza. A takardar haihuwa akwai "né à", an haife shi a gari kaza, da "domicilié à", mazaunin wuri kaza. Wanda ya shiga ma'aikata yana neman ofis za a ce masa "au rez-de-chaussée", a ƙasan bene, ko "au premier étage", a hawa na farko, ko "au fond du couloir", can ƙarshen baranda. In an ce "à droite" ya bi dama, "à gauche" ya bi hagu. In kuwa aka ce "tout droit", miƙewa zai yi sosai, ko da yake kalmar ta yi kama da ta dama.

Hanyar Koyo

Malaman harshen sun daɗe suna ba da shawara ɗaya, wadda ita ce mafi amfani: kada a haddace suna tsirara. Wanda zai koyi kasuwa ya koye ta a matsayin "le marché", wanda zai koyi Cadi ya riƙe "le Tchad", Gini kuwa "la Guinée". In jinsin suna ya zauna a ka, "au" da "en" da "du" za su zo da kansu.

Bayan wannan, taswirar Afirka ta Yamma ta isa allon gwaji. Ɗalibi ya ɗora yatsa a kan kowace ƙasa ya faɗi jimla uku: yana can, za shi can, daga can ya fito. Sa'an nan ya yi haka ga babban birninta. Ma'aikaci kuwa ya ɗauki wasiƙar Faransanci ɗaya daga cikin fayil, ya ja layi ƙarƙashin kowace ƙaramar kalma mai nuna wuri, ya tambayi kansa abin da Bahaushe zai sa a gurbinta. Ana kuma iya sauraron labaran gidajen rediyon Yamai ko Kwatano ko Yawunde, inda kusan kowane labari yakan fara da "au" ko "en" ko "à", domin mai labari sai ya faɗi wuri kafin ya faɗi abin da ya auku.

Kalmomin duka ba su wuce talatin ba waɗanda ake bukata yau da kullum, kuma fiye da rabinsu suna da takwarorinsu a Hausa. Sauran kuwa sai da tambaya da maimaici, kuma Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata.